Marit Bjørgen: me ya riƙe ta a sama daga 2002 har 2018?

Malam Sabo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Maganar yau a kan tseren nesa na dusar ƙanƙara ne, wanda ake ɗaura allunan zamiya a ƙafa, a riƙe sanduna biyu, a hau tudu a gangara da ƙarfin jiki, ba wanda ake sulalowa daga kan dutse ba. Marit Bjørgen 'yar Norway, haifaffiyar 1980, ta ajiye wasa a 2018 da lambobin Olamfik 15: zinare 8, azurfa 4, tagulla 3. A gasar duniya zinarenta 18, a Kofin Duniya kuma ta ci tsere 114 ita kaɗai. Amma ba wannan ne ya dame ni ba. Ku duba tsakiyar tafiyar. A gasar duniya ta 2005 a Oberstdorf ta kwashe zinare uku. A Olamfik na Turin 2006 azurfa ɗaya tak. A gasar duniya ta Sapporo 2007 tagulla biyu, su ma na haɗin gwiwa. A gasar duniya ta Liberec 2009 ko tagulla ba ta gani ba. Shekara ɗaya bayan haka ta je Olamfik na Vancouver ta dawo da lambobi biyar, uku zinare. Me ya canza tsakanin 2009 da 2010? Masana, bismillah.

Dokta Lami:
Wa alaikumus salam Malam. Wannan tambayar tana da amsa a rubuce, domin Bjørgen ta ba masu bincike na jami'ar NTNU da ke Trondheim littattafan da take rubuta atisayenta na kullum, Guro Strøm Solli da Øyvind Sandbakk da abokan aikinsu suka tsefe su.

A shekarunta na farko tana bin tsarin da ake tara atisaye mai zafi a dunƙule. A kakar 2005 zuwa 2006 ta yi zama mai zafi 157, kuma kusan rabinsu an cusa su ne cikin dunƙule bakwai, kowanne kwana 7 zuwa 11, a ciki a yi zama 8 zuwa 13. Wato wata rana safe da yamma duk wuta. Jimillar awanninta a wannan shekarar 795. Tsarin ya ba ta sakamako da wuri, babu musu, da shi ta ɗauki Kofin Duniya na 2005 da 2006. Matsalarsa ita ce jiki yana karɓar irin wannan dukan na ɗan lokaci ne, in aka ci gaba ba hutu isasshe sai ci gaban ya tsaya cak, gajiya ta zauna, mura da ciwon ƙirji su riƙa samun ƙofa a buɗe.

Bayan Liberec aka juya lissafin. A shekaru biyar da ta fi kowa, 2010 zuwa 2015, tana yin awa 937 a shekara a zama 543. Ku raba da kanku, kusan awa 18 ke nan a mako, zama goma ko sha ɗaya. Kashi 91 cikin ɗari na juriya ne, kashi 8 na ƙarfi, ɗan abin da ya rage na saurin ƙafa. A cikin na juriyar kuma, kashi 92 a hankali ake yin sa, matsakaici kashi 3, mai zafi bai kai kashi 5 ba. In kun buga, mai zafin bai wuce awa 40 da 'yan kai a shekara guda ba. A kakar 2014 zuwa 2015 zama mai zafi 77 kawai ta yi, rabin na da, a warwatse cikin shekara.

Ɗan Maraɗi:
Dokta, ranki ya daɗe, ki ce mace ta rage wahala sai ta ƙara gudu? Da haka ne ai da kowa ya zama zakara.

Dokta Lami:
Ba ta rage wahala ba ƙanena, ta ƙara awa sama da 140 a shekara. Zafin ta rage. Kuma "a hankali" a wurin waɗannan mutanen ba yawo ba ne. Awa biyu zuwa uku ne a kan tudu da kwari, bugun zuciya a riƙe ƙasa da iyakar da sinadarin laktet zai fara taruwa a jini. Ana tsaga yatsa a ɗiga jini a na'ura don a tabbatar. Abin da wannan yake ginawa shi ne ƙananan jijiyoyin jini a cikin tsoka da ƙarfin tsokar na ƙona mai, kuma yana barin jiki da sauran ƙarfi ranar da za a yi mai zafin, misali hawa tudu da sanduna sau biyar, kowanne minti huɗu ko biyar, da hutun minti biyu zuwa uku a tsakani. Kuskuren da matsakaitan 'yan wasa ke yi shi ne ranar sauƙi su yi ta da ɗan zafi, ranar zafi kuma su kasa kaiwa, sai duk mako ya zama abu ɗaya.

Wani abin da mutane ke tsallakewa: ba dare ɗaya ta kai awa 937 ba. Tana shekara 20 awa 522 take yi. Shekaru da yawa aka ɗauka ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Wanda ya ɗauki jadawalinta na 2014 ya ɗora wa yarinya 'yar shekara 19, karya ta zai yi.

Injiniya Habu:
Dokta ta yi bayanin injin, bari in yi na taya, don a wannan wasan mai ƙarfi yana faɗuwa saboda abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Salo biyu ne. A salon gargajiya allunan suna tafiya a cikin layi biyu da aka tsaga a ƙanƙara, mutum ya taka ya tura baya kamar mai gudu. A salon sake ƙafa kuwa ana tura allon gefe-gefe. Allon gargajiya yakan fi tsayin mai shi da santimita 20 zuwa 25, na sake ƙafa 10 zuwa 15. Sandar gargajiya doka ta hana ta wuce kashi 83 cikin ɗari na tsayin mutum.

Duk rigimar a allon gargajiya take. Tsakiyarsa a bankare yake. Idan ka raba nauyinka a ƙafa biyu, tsakiyar ba ta taɓa ƙasa, sai ka zame a kan gaba da baya. Idan ka ɗora nauyin duka a ƙafa ɗaya ka danna, tsakiyar ta sauka ta kama ƙanƙara, ka samu abin turawa. Wannan wurin, daga dunduniya zuwa gaba kimanin santimita 60, shi ake shafa wa kakin riƙo. Gaba da baya kuma kakin sulɓi. Za a fara goge wurin da takardar yashi, a narka kakin tushe da dutsen guga, sannan a bi da shafi huɗu zuwa shida marasa kauri, kowanne a murje shi da toshiya. In dusar sabuwa ce mai sanyi, ƙwayoyinta masu tsini ne, kaki mai tauri ya isa. In ta narke ta sake daskarewa, ko ta jiƙe, ƙwayoyin sun zama mulmulallu, sai an koma kilista, wani abu mai yauƙi kamar ƙaro da ake matsowa daga tub.

Ga inda ake kuka. Kaki ya yi tauri da yawa, ƙafa ta riƙa sulɓewa baya a kan tudu, hannu ya ɗauki duk aikin, kafin rabin tsere kafaɗa ta mutu. Ya yi laushi da yawa, ƙanƙara ta shige cikinsa ta daskare, ta taru a ƙasan allo, mutum ya koma tafiya a kan dunƙule. Mafi muni shi ne sabuwar dusa tana zuba kuma ma'aunin sanyi yana kan sifili. A nan wani lokaci ba a sa kaki ko kaɗan, sai a ɗauko allon da aka kankare tsakiyarsa ya yi gashi-gashi.

Baban Ummi:
Injiniya, to ya ake gane allon da ya fi gudu tun kafin a fara?

Injiniya Habu:
Gwaji ne, Alhaji. Babban ɗan wasa yana da alluna gomiya-gomiya, kowane biyu da taurinsu da irin zanen da aka yi wa ƙasansu da dutsen niƙa: zane siriri na busasshiyar dusa, mai faɗi na jiƙaƙƙiya don ruwa ya samu hanyar fita. Da asubar ranar tsere masu kaki biyu za su tsaya a saman gangare kafaɗa da kafaɗa, su riƙe hannun juna, su durƙusa su sulalo. Idan gudunsu ya daidaita sai su saki hannu. Wanda ya fara zarce ɗan'uwansa, allonsa ya ci. Su musanya su sake, don kada nauyin mutum ya ruɗe su. Haka za a yi ta zubar da marasa kyau har a rage biyu ko uku, ita 'yar wasan ta hau ta zaɓa.

Kuma kada a ɗauka Norway ba ta kuskure. A Olamfik na Sochi 2014 matan Norway sun shiga tseren karɓa-karɓa kowa ya riga ya ba su zinare, suka ƙare na biyar, Bjørgen ce ma ta yi musu zangon ƙarshe. Suwidin ta ci, Charlotte Kalla ta cike giɓin kusan daƙiƙa 25 a zangon ƙarshe. Mako guda bayan haka, a tseren kilomita 30, Bjørgen, Therese Johaug da Kristin Størmer Steira suka kwashe na ɗaya, na biyu, na uku. Mutanen ba su canza huhu cikin mako ɗaya ba. Allunan ne aka gano bakin zarensu a wannan dusa mai ɗumi.

Ɗan Maraɗi:
To tunda an ambaci huhu, bari in fasa ƙwan. Kun yi ta zagaye. Abin da ya canza kafin Vancouver, wanda duniya ta sani, shi ne Bjørgen ta samu izinin shaƙar maganin asma, Symbicort. Justyna Kowalczyk 'yar Poland ta fito fili a lokacin ta yi ƙorafi a kai. Sannan a 2016 aka hukunta ɗan Norway Martin Johnsrud Sundby kan yawan maganin asma, har aka ƙwace masa kambun Tour de Ski na 2015, gasar da ake jera tsere na kwanaki. Ni ban ce ta yi maguɗi ba, amma kada a ba ni labarin awa 937 a ɓoye wannan.

Dokta Lami:
Ba a ɓoye ba, gara da ka kawo. Amma a raba abubuwa biyu. Asma a wannan wasan ciwon sana'a ne. Mutum yana zuƙar iska sama da lita 100 a minti ɗaya, busasshiya, mai tsananin sanyi, na tsawon shekaru. Dokar FIS, hukumar wasan ta duniya, sai sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili take hana tsere, ka ga a digiri 15 ana fita. Hanyoyin iska suna bushewa, su kumbura, su tsuke. Maganin yana da sinadari biyu, budesonide mai rage kumburi da formoterol mai buɗe hanya. Ga wanda hanyarsa ta tsuke, yana maido shi daidai, kuma wannan kaɗai babban bambanci ne a tsere. Ga mai lafiya, a gwargwadon da ake shaƙa, bincike bai nuna yana ƙara juriya a zo a gani ba, shi ya sa daga 2012 WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, ta daina neman izini na musamman a kan formoterol, ta sa masa iyaka kawai. Na Sundby kuwa salbutamol ne ta injin feshi, kuma iyaka ya wuce. Bjørgen ba a taɓa hukunta ta kan haramtaccen magani ba.

Ra'ayina: maganin ya taimaka mata, ta fuskar cewa ya cire mata ƙaya. Amma magani ba ya riƙe mutum shekara takwas a sama.

Hajiya Turai:
Ku bar ni in shigo ta wani gefen, don akwai abin da lissafin awa ba ya nunawa. Bjørgen ta fara ne a matsayin 'yar gajeren tsere. Nasararta ta farko a Kofin Duniya a Düsseldorf ce, 2002, gajeren tsere. Zinarenta na farko a gasar duniya, Val di Fiemme 2003, shi ma haka. Gajeren tsere kilomita ɗaya da rabi ne ko ƙasa, minti uku zuwa huɗu, amma sau huɗu ake yin sa a yini ɗaya: na tantancewa, kwata, na kusa da ƙarshe, na ƙarshe. Wadda ta taso a nan tana da ƙarfin kafaɗa da iya kutsawa cikin cunkoso.

A daidai lokacin da take tasowa ne wasan ya karkata zuwa tashi gaba ɗaya, maimakon a riƙa sakin mutane ɗai-ɗai bayan daƙiƙa 30. A tashi gaba ɗaya ba sai kin fi kowa juriya ba. Ki iya manne wa na gaba, ta kare miki iska, in aka shigo mita 200 na ƙarshe ki nuna musu ke 'yar ina ce. Da ta ɗora juriya a kan saurin da take da shi, sai abokan hamayya suka rasa ta inda za su ɓullo mata. Hanya ɗaya ce ta rage musu: su yar da ita a kan tudu tun da nisa. Johaug, mai ƙaramin jiki da saurin taku, ita ce ta iya haka. A gasar duniya ta Holmenkollen, Norway, 2011 Bjørgen ta ci zinare huɗu a gaban mutanenta, amma a kilomita 30 Johaug ta tsere mata. A gasar duniya ta Falun 2015 ma Johaug ta tsere mata a kilomita 30. Shi ya sa Tour de Ski, da ake rufewa da hawan dutsen Alpe Cermis, ya daɗe yana gagarar ta, sai 2015 ta ɗauka.

Kuma ko a gudun ƙarshen ba kullum take sha ba. A Vancouver, kilomita 30 salon gargajiya, sun shigo fili tare da Kowalczyk bayan awa ɗaya da rabi, Kowalczyk ta riga ta da daƙiƙa 0.3.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya kin ba ni makami da hannunki. Johaug ɗin da kika ce ita kaɗai ke iya yar da ita, ina take a gasar duniya ta Lahti 2017 da Olamfik na Pyeongchang, Koriya, 2018? Tana zaman dakatarwar wata 18 saboda haramtaccen sinadarin clostebol da aka samu a man leɓe. Zinare huɗu na Lahti da biyun Koriya duk a bayan idonta aka ci.

Hajiya Turai:
Gaskiyarka a nan, ɗana, kuma ba zan ce da Johaug na nan sakamakon zai zama ɗaya ba, musamman a kilomita 30. Amma dubi yadda Bjørgen ta ci kilomita 30 na Pyeongchang. Ba jira ta yi a yi gudun ƙarshe ba. Tun kafin rabi ta ɓalle ita kaɗai, ta isa a awa 1 da minti 22, Krista Pärmäkoski 'yar Finlan ta biyo baya da tazarar minti 1 da daƙiƙa 49. Bjørgen tana da shekara 37 a lokacin. A ranar ne ma Teresa Stadlober 'yar Austiriya, tana ta biyu, ta ɗauki hanyar da ba ita ba, lambarta ta salwanta.

Sannan ka tuna daga ina Bjørgen ta dawo. Ta haihu a Disamba 2015. Tana da ciki ba ta daina atisaye ba, kusan awa 13 a mako in aka daidaita, tana rage zafi yayin da cikin ke girma. Bayan haihuwa ta yi saurin komawa, sai ƙashin ƙugunta na baya ya tsage, ya fara warkewa kuma ɗaya gefen ya tsage. Dokta za ta fi ni bayanin dalili.

Dokta Lami:
Dalilin a fili yake Hajiya. A ƙarshen ciki da lokacin shayarwa jiki yana ɗibar sinadarin kalsiyam daga ƙashin uwa, jijiyoyin ƙugu kuma sun saki. Zuciya da huhu suna dawowa da wuri, sai su yaudari 'yar wasa ta ɗauka komai ya dawo, alhali ƙashi bai shirya ɗaukar dukan gudu a ƙasa ba. Gyaran shi ne a rage gudun ƙafa, a koma abin da ba ya jijjiga ƙashi kamar keke da allunan taya, a ƙara aikin ƙarfi, a ƙara lodi a hankali. Wata goma sha huɗu bayan haihuwar ta ci zinare huɗu a Lahti.

Baban Ummi:
Allunan taya kuma? Na ɗauka sai da ƙanƙara.

Injiniya Habu:
A'a Alhaji, mafi yawan awannin nan da Dokta ta lissafa a bazara da kaka ake tara su, daga Mayu zuwa Oktoba. Gajerun alluna ne masu taya gaba da baya, ana yi da su a kan kwalta, sandar kuma a sa mata tsini mai tauri da ake wasawa. Sai gudu a fadama da kan duwatsu da sanduna. Illar allon taya ɗaya ce: na gargajiya tayarsa ba ta juyawa baya, ko yaya ka taka zai riƙe. Mutum ya saba da taku na kasala, in ya hau dusa a Nuwamba sai ƙafa ta yi ta zamewa, don a can sai ka danna da kyau a daidai lokaci. Shi ya sa suke zuwa inda dusa ba ta ƙarewa, irin Sognefjell a Norway da Val Senales a Italiya. A Val Senales ɗin ana kwana a tsayin mita 2,000 a hau sama kusan 3,000 a yi atisaye. Riba biyu: ƙafa ba ta manta dusa ba, jini kuma yana ƙara ƙwayoyin ɗaukar iska. Amma a can dole a ƙara rage gudu, wanda ya yi da zafin da ya saba a ƙasa zai sauko a gajiye.

Wannan ne ma dalilin da juriya kaɗai ba ta kai mutum. Philip Boit ɗan Kenya ɗan tseren ƙafa ne, ya shiga kilomita 10 na dusa a Olamfik na Nagano 1998 ya zo na ƙarshe, Bjørn Dæhlie da ya ci zinaren ya tsaya ya jira shi a bakin layi. Samuel Ikpefan da ya wakilci Najeriya a Olamfik na Beijing 2022 kuwa a Faransa ya tashi, kusa da duwatsu.

Malam Sabo:
Na karanta duka. Ni na fi karkata ga Dokta, da sharaɗi ɗaya: ban yarda tsarin farko ɓarna ne zalla ba. Wa ya sani ko shekarun wutar nan ne suka gina saurin da ta ci da shi daga baya? Ba za a iya mayar da ita shekara 22 a gwada ɗaya hanyar ba.

Ɗan Maraɗi:
Ni kuma ina nan a kan bakata, Malam. A sa maganin da rashin Johaug a cikin lissafi, sannan a ba ta abin da ya rage, wanda shi ma ba kaɗan ba ne.

Injiniya Habu:
Masu son kwatanta ta da na yanzu su lura da abu biyu. Daga kakar 2022 zuwa 2023 mata da maza tsawo ɗaya suke gudu a Kofin Duniya, kilomita 30 ɗin da ta saba ta koma 50 a manyan gasa, Frida Karlsson 'yar Suwidin ce ta ci kilomita 50 ɗin farko na mata a gasar duniya a Trondheim 2025. Daga kakar 2023 zuwa 2024 kuma an haramta kaki mai sinadarin fulorin, wanda shi ne ke kore ruwa daga ƙasan allo a jiƙaƙƙiyar dusa, yanzu ana haska allo da na'ura kafin a tashi, in an ga alamarsa a kori mutum. Duk lokutan da ta kafa da wancan kakin ta kafa su. Mai son sanin yadda za ta yi a dogon zango ya duba tseren Vasaloppet na Suwidin na 2021, kilomita 90 daga Sälen zuwa Mora, shekara uku bayan ta ajiye wasa: ta zo ta biyu a mata, bayan Lina Korsgren.